Madurai: Inda aka kamo gilashin da ya faɗa cikin idon Baffa

Duk wanda ya taɓa hawa Keke Napep a Legas ko Abuja, ko A Daidaita Sahu a Kano, yana da 'yar alaƙa da Madurai ko da bai taɓa jin sunanta ba. Kamfanin TVS, wanda tambarinsa ke jikin dubban kekunan da ke yawo a titunanmu, a wannan gari ya faro a 1911 da motocin ɗaukar fasinja. Shi ya sa ɗan Najeriya ba ya jin baƙunta sosai idan ya fita titi: ga kekunan nan ruwan ɗorawa suna kutse, ga hon ko da dalili ko babu, ga shanu suna ratsa hanya ba mai ce musu kanzil, ga rana mai dukan tsakar ka. Ƙamshin garin ne kawai ba irin namu ba. Madurai garin furen yasmin ne. Tun asuba mata ke zama a bakin hanya suna kitsa furen a jikin zare, kuma da kamu suke auna shi, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, kamar yadda iyayenmu ke auna ƙyalle a da.

Garin yana can kudancin Indiya, a jihar Tamil Nadu, a bakin kogin Vaigai, kimanin kilomita 460 daga Cennai. Awa guda ce a jirgin sama, kusan awa takwas a jirgin ƙasa. Tsohon gari ne ƙwarai. A tsakiyarsa akwai wurin bautar mabiya addinin Hindu da ake kira Minakshi, mai hasumiya 14, babbar cikinsu ta haura mita 50, kuma titunan tsohon garin zagaye shi suke yi, zobe bayan zobe. Akwai Musulmi masu yawa, akwai tsohon masallacin Kazimar wanda tarihinsa ke komawa ƙarni na 13, can mazanmu suka riƙa zuwa Juma'a. Ibn Battuta ya sauka a garin a shekarun 1340, lokacin yana hannun sarakunan Musulmi. Shi ɗin nan ne a 1353 ya yada zango a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa.

Mu dai ba yawon buɗe ido ya kai mu ba, ko da yake in ana son wasa da magana, buɗe idon ne ya kai mu.

Baffana, ƙanin mahaifina, ɗan kasuwar goro ne a Agege, shekarunsa sun haura 70. Ido ɗaya gare shi. Na hagu ya tafi tun shekara 20 da suka wuce a hannun wani mai aikin ido na gargajiya da ya bi ta ƙauyenmu. Na dama kuma an yi masa aikin yana shekara tara baya a wani gangamin aikin ido kyauta, aka sa masa gilashin roba a ciki, ya koma kasuwa yana ƙirga kuɗinsa da kansa, yana karatun Alƙur'ani ba mai ja masa baƙi. Sai bara ya fara cewa layukan suna rabuwa gida biyu, kuma yana ganin wani abu kamar jinjirin wata a gefen duk abin da ya kalla. In ya kwanta rigingine gani ya canza, in ya tashi zaune ya sake canzawa. Maƙwabta suka ce yana ce ta dawo. Wani mai kemis ya ba shi maganin ɗigawa, ya yi makonni yana ɗigawa bai faɗa wa kowa a dangi ba. Ran nan ya tashi sallar asuba, haske yana nan, launi yana nan, amma fuskar matarsa ta koma kamar an goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Mai karatu, yana ba ta dawowa. Abin da muke kira yana ba wata fata ba ce da ke tsirowa a kan ido. Gilashin halitta ne da ke bayan baƙin ido yake dusashewa, in an cire shi kuwa an cire ke nan. Abin da mutane ke ɗauka dawowar yana, galibi 'yar jakar da aka bari ce take yin hazo bayan watanni ko shekaru, wannan kuwa da hasken leza ake huda shi cikin 'yan mintuna, mutum na zaune, ba yanka ba ɗinki. Na Baffa daban ne. Gilashin robar ne ya bar mazauninsa.

Wanda ya tashi a ɗakin da ake rataye ƙwarya a ragaya zai gane batun nan da nan. Gilashin ido yana zaune cikin 'yar jaka shara-shara, jakar kuma tana rataye da siraran zarurruka masu ɗimbin yawa da suka kama ta ta kowane gefe. A aikin yana, likita yana buɗe jakar ta gaba, ya kwashe gilashin da ya dusashe, ya zura na roba a gurbinsa. Na robar ɗan mitsitsi ne, faɗin tsakiyarsa milimita 6, da hannuwa biyu lanƙwasassu da ke tokare shi, tsawonsa duka bai wuce milimita 13 ba. To ka ga ƙwaryar sabuwa ce, amma ragayar ita ce dai wadda aka haifi mutum da ita. In jakar ta yage lokacin aiki, gilashin kan goce da wuri, cikin makonni ko watannin farko. In kuma zarurrukan ne ke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, sai a shekara bakwai, takwas, goma ko fiye ana lafiya lau, sannan ƙwarya ta fara karkata. Likitoci suna kiran wani nau'insa da faɗuwar rana, domin in suka haska idon sukan ga gilashin yana nitsewa ƙasa kamar rana gab da magariba. Daga ƙarshe ya faɗa baya gaba ɗaya, jaka da kayanta, cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika ƙwayar ido, ya kwanta a kan ratina, wato tantanin bayan ido da ke ɗaukar hoto.

Abubuwan da ke cinye zarurrukan sanannu ne. Akwai bugun ido, ko da tsoho ne an manta da shi. Akwai kumburin cikin ido mai tafiya yana dawowa, da aikin bayan ido da aka taɓa yi, da dundumin gado, da idon waɗanda tun ƙuruciya ba sa hangen nesa sai da tabarau mai kauri. Gaba da su duka a wajen tsofaffi akwai wani ciwo da ke tara farar ƙura a cikin ido, kamar amosanin kai, yana raunana zarurrukan kuma yana toshe magudanar ruwan ido har matsinsa ya hau. Shi aka gani a idon Baffa. Yawan murza ido da ƙarfi ma ba ya taimakon tsohuwar ragaya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, abin da ya sami idonsa na dama bisa tsautsayi, shi aka yi wa na hagu da gangan. Aikin masu ido na gargajiya ke nan: a sa tsinke ko allura a tura gilashin da ya dusashe ya faɗa can bayan ido, haske ya shigo, a yi guɗa, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Sai dai gilashin halitta nama ne, in ya fashe a can ciki yana tayar da kumburi da matsin ido, ga ƙwayar cutar da tsinken kan shiga da ita, ga shi ba a sa komai a gurbinsa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da huɗu cikin goma na idanun da aka taɓa saboda yana a Najeriya ta wannan hanya aka taɓa su, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu makafi ne. Gilashin roba kuwa ba ya narkewa, ba ya ruɓewa, shi ya sa yana iya kwanciya a can na wani lokaci ido bai lalace ba, matuƙar ana sa ido a kan matsin da kuma ratinar.

Likitan da ya fara duba shi a Legas ya yi wani abu mai sauƙi da ya kwantar mana da hankali. Ya ɗora masa tabarau mai kauri, mai ƙarfin lamba 10, a gaban idon, sai ga Baffa yana karanto haruffan allo. Ma'ana bayan idon da ransa, gilashi ne kawai babu. Ya ce aikin na likitan ratina ne, ba na gaggawar yau ko gobe ba ne, amma kuma ba abin ajiyewa ba ne, kuma in an ji zogi, ko ido ya yi ja, ko aka ga walƙiya ko wani baƙin labule yana saukowa, to a ranar za a nemi asibiti. Abin da ya kai mu Indiya shi ne ɗan Baffa yana karatu a jihar Tamil Nadu, ido kuma ɗaya ne, dangi suka zauna suka haɗa kuɗi. Aka haɗa shi da ni saboda magunguna.

Asibitin ido na Aravind yana unguwar Anna Nagar. Wanda ya kafa shi, Dokta Govindappa Venkataswamy, da suke kira Dokta V, likitan gwamnati ne da ya yi ritaya yana da shekara 58, ya buɗe asibiti mai gado 11 a wani gidan haya a 1976. Ciwon sanyin ƙashi ya lanƙwashe masa yatsu tun yana matashi, da waɗannan yatsu ya koyi aikin ido. Ya rasu a 2006. Yau asibitocin Aravind suna yin tiyata fiye da 500,000 a shekara, kusan rabi kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuɗin masu biya ke ɗaukar nauyin marasa shi. Majinyaci ne ke zaɓar ɓangaren da zai shiga, ba mai tambayarsa takardar shaidar talauci.

Na sha ganin cunkoso a asibiti, amma ban saba ganin cunkoson da ke tafiya ba. Tun da sassafe harabar ta cika, tsofaffi sanye da fararen zannuwa, jikoki na riƙe da hannunsu, amma layin ba ya tsayawa. Daga rajista sai karatun allo, sai auna matsin ido, sai ɗiga maganin buɗe ido, sai hoton bayan ido, kowane zango da 'yan matan da ke kula da shi. Waɗannan 'yan mata su ne ƙashin bayan wurin. Daga ƙauyukan yankin ake ɗauko su bayan sun gama sakandare, a horar da su shekara biyu, kowace ta ƙware a abu guda, likita ya rage da abin da sai likita kaɗai zai yi. A ɗakin aikin yana ma an san tsarinsu: likita ɗaya tsakanin gado biyu, yana gamawa da wannan ya juyo da madubin aiki kan wancan, an riga an shirya shi. Dokta V da kansa ya sha faɗin cewa daga gidajen abincin McDonald's ya ɗauko tunanin. Wani zai ji maganar ba daɗi, a kwatanta idon ɗan Adam da burodi da nama, amma wanda ya taɓa wuni a benci don katinsa ya ɓata zai gane amfaninta.

Likitar ratina da ta duba Baffa ta zana mana ido a takarda ta jera hanyoyin da ake bi, ɗansa yana fassarawa, ni ina ƙarasawa. In gilashi ya ɗan karkata ne kawai kuma mutum yana gani, akan bar shi a riƙa dubawa. In ya goce sosai amma yana nan a gaba, akan iya kamo shi a mayar tsakiya a ɗaure hannuwansa da zare a jikin farin ido ko baƙin ido. In ya faɗa baya, kamar na Baffa, sai an shiga ta ƙananan huda uku a jikin farin ido, ɗaya ta haske, ɗaya ta ruwan da ke riƙe ido kada ya lotse, ɗaya ta na'urar da ke yanka ruwan nan mai kauri tana zuƙewa. Dole a fara kwashe wannan ruwa, domin yana manne da ratina, in aka ja gilashin da garaje sai ya ja ta ta yage. Wani lokaci sukan zuba wani ruwa mai nauyi a ƙarƙashi, gilashin ya taso a kansa kamar ƙwarya a tafki, ratina kuma ta samu kariya.

Bayan an kamo shi sai tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya: a ina za a rataye gilashi a idon da ragayarsa ta tsinke? A nan ne likitocin duniya suka yi ta gwada dabara. Akwai gilashin da ake ajiyewa a gaban baƙin ido, tsohuwar hanya ce mai sauƙi, amma ba ta dace da idon da matsinsa ke hawa ko fatar gabansa ta yi rauni ba. Akwai mai ƙuguya biyu kamar na ƙaguwa da ke cafke naman baƙin ido, wani likita ɗan Holan, Jan Worst, ya fito da shi a 1978. Akwai ɗinkewa a jikin farin ido da zaren da ya fi gashi siranta, aibinsa zaren kan iya tsinkewa bayan shekaru a koma gidan jiya. Sai kuma hanyoyin da ba zare: a cusa hannuwan gilashin cikin naman farin ido su zauna a can. A Disambar 2007 Dokta Amar Agarwal na Cennai ya fara wata, inda ake ɗaga ɗan murfi a farin ido, a cusa hannun a ƙarƙashi, a liƙe murfin da gam ɗin tiyata. A 2017 Dokta Shin Yamane na Jafan ya wallafa tasa: a zaro hannuwan da siraran allurai biyu, a ɗan ƙona bakinsu ya dunƙule kamar kan ƙusa, ya maƙale. Ba wadda ta fi a kowane ido. Shekarun mutum, lafiyar baƙin idonsa, matsin idon, irin tsohon gilashin da kuma hanyar da hannun likita ya saba, su ke yanke hukunci.

Matsalar ma tare da gilashin aka haife ta. Harold Ridley, wanda ya fara dasa shi a asibitin St Thomas na Landan ranar 29 ga Nuwamban 1949, ya samo tunanin ne daga matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idanunsu ya zauna ba tare da ido ya ƙi shi ba. Gilasansa na farko masu nauyi ne, da yawa suka riƙa gocewa, abokan aikinsa suka juya masa baya shekara da shekaru, sai a 2000 Sarauniyar Ingila ta karrama shi, ya rasu a 2001. Mutumin nan kuwa ya zauna a Gana lokacin yaƙin duniya na biyu, har ya je arewacinta ya yi nazarin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa.

Likitar ba ta ɓoye haɗarin ba: ratina na iya ɗagowa bayan aiki, jini na iya zuba a ciki, tsakiyar gani na iya kumbura, matsi na iya hawa, gilashin na iya sake karkata. Baffa ya yi shiru, sannan ya juyo gare ni. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce min. Ya ce, "Uwata, tambaye ta, in idonta ne guda ɗaya, za ta yarda a shiga?" Na tambaya. Ta ce za ta yarda, saboda matsin idonsa ya fara hawa kuma gilashin yana yawo a kan ratina duk sanda ya juya kai. Ya ce, "To bismillah."

A nan aikina ya shigo, kuma nan nake so iyalai su buɗe kunne. Na juye ledar magungunansa a kan tebur. Yana shan asfirin, yana shan maganin hawan jini, yana kuma shan tamsulosin saboda kumburin mafitsara irin na dattawa. Wannan na ƙarshe, tun 2005 aka gano yana sa baƙin ido ya saki, ya riƙa lilo lokacin aiki, kuma daina shan sa kwana biyu kafin tiyata ba ya gyara komai. Abin da ake so kawai likita ya sani tun kafin ya shiga, ya shirya. Dattawanmu kuwa ba sa ɗaukar maganin fitsari a matsayin abin da ya shafi likitan ido, wasu ma kunyar ambatonsa suke yi a gaban 'ya'yansu. Asfirin da sauran magungunan tsinka jini su ma a faɗa, kada mutum ya yanke su da kansa. Mai asma ya faɗa kafin a ba shi timolol na rage matsin ido, domin ɗigo ne a ido amma yana iya shaƙe ƙirji. Mai sikila ya faɗa kafin a ba shi ƙwayar acetazolamide. Na rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don a iya dubawa.

Aikin bai kai awa biyu ba, idonsa biyu, allurar kashe zafi kawai aka yi masa a gefen idon. Tsohon gilashin irin mai taurin nan ne da ba ya naɗuwa, sai da aka yi yanka daidai faɗinsa aka zaro shi, aka sa sabo aka cusa hannuwansa cikin farin ido. Washegari da aka cire bandeji gani dishi-dishi ne, kuma an riga an faɗa mana haka zai kasance, irin wannan aiki ba kamar na yana ba ne da ake buɗewa a ga duniya tas. Sai da aka yi kwanaki yana washewa kaɗan-kaɗan.

Makonni biyun da suka biyo baya a ɗakin haya muka yi su, ni da agogo da kwalabe huɗu. Na kumburi, prednisolone, sai an girgiza shi sosai, in ba haka ba ruwa za a ɗiga, maganin na kwance a gindin kwalba. Minti biyar tsakanin wannan da wancan, kada na biyu ya wanke na farko. Ɗigo ɗaya ya isa, bakin kwalba kada ya taɓa gashin ido, kwalbar da ta yi mako huɗu a buɗe a jefar. Ba kwalli, ba watsa ruwa a ido. Shi wannan na kumburin a hankali ake janye shi bisa jadawalin likita, kuma shi ne wanda in aka ci gaba da saye a kemis ana ɗigawa wata da watanni yake ɗaga matsin ido ya cinye jijiyar gani ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da ya fi damun Baffa sujada ce. An ce ya dakata da sunkuyo na ɗan lokaci, ya kira malaminsa a waya, ya koma salla a zaune da ishara, yana yi yana mita. Ga kuma batun da duk mai niyyar irin wannan tafiya ya kamata ya sani kafin ya yanki tikitin dawowa: in aka tarar da yagewa a ratina har aka hura iskar gas a ido, ba hawa jirgin sama sai ta baje, wani lokaci makonni, domin tana kumbura a sama. Shi Allah Ya taimake shi ba a sa ba.

Da yamma mukan fita da shi ya taka. Abincinsu dai haƙuri ya yi da shi. Idli, wata waina ce ta shinkafa da ake turarawa ba mai, ya ce masa ce da aka yi wa rowa. Jigartanda kuwa, madara mai sanyi da ƙaro da zaƙi wadda garin ya yi suna da ita, ya sha ya ƙara. Ranar da na tabbatar idon ya dawo ita ce ranar da ya tsaya gaban wata rumfa inda ake sayar da ɗan goron da mutanen can ke taunawa da ganye, ya ɗauki guda ya juya shi, ya nuna wa mai rumfar wani ɗan rami da ƙwaro ya yi a jiki. Ba Tamil ba Hausa, suka yi minti goma suna musu da hannu.

A gefen garin akwai masana'antar Aurolab, wadda Aravind suka kafa a 1992. Kafin nan gilashin roba guda daga Turai ko Amurka yakan kai dala 100 ko fiye, talaka sai dai a cire masa yana a ba shi tabarau mai kauri. Suka fara ƙera shi suna sayarwa ƙasa da dala 10, yau yana shiga ƙasashe fiye da 100. Irin wannan sauƙi ne ya sa gangamin aikin ido kyauta ya yiwu a garuruwanmu. Ni kuwa ina murna da gangamin, shekara tara na gani da Baffa ya samu daga can suka fito. Amma ga abin da na lura da shi a Madurai: waɗanda suka arhanta gilashin ba su tsaya nan ba. Suna da ƙananan cibiyoyin duba ido a ƙauyuka da ke haɗe da babban asibiti ta intanet, suna ajiye bayanin kowane ido, suna ƙirga matsalolinsu. Da wannan ƙirga ne a 2017 suka wallafa nazarin idanu fiye da 600,000, wanda ya nuna cewa zuba maganin moxifloxacin a cikin ido a ƙarshen aiki ya rage mummunar cutar da kan biyo bayan tiyata da ninki uku da rabi.

Mu a nan, attajiri ko ɗan siyasa ya ɗauki nauyin ido dubu, a yi hoto ranar cire bandeji, tawaga ta naɗe kayanta. Daga cikin dubun nan kaɗan ne gilashinsu zai goce, amma kaɗan cikin dubbai masu yawa, shekara bayan shekara, mutane ne masu suna da iyali, kuma yawancinsu ba su da ɗa a Indiya. In sun koma inda aka yi musu aiki sai su tarar da ajin makaranta ko ɗakin taro. A ganina duk mai ɗaukar nauyin gangami ya ware wani kaso ya damƙa wa asibitin ido na dindindin da sunan waɗanda za su dawo, a kuma faɗa wa kowane majinyaci sunan asibitin da baki, a rubuta masa a kati.

Ko sai an je Indiya? A'a. Kuɗin jirgi, biza da masauki na mutum biyu sun ninka kuɗin aikin kansa, kuma duban da za a ci gaba da yi a gida za a yi shi. Ana yin wannan aiki a Najeriya. Likitocin ratina ba su da yawa, amma akwai su a Legas, Ibadan, Abuja da Kaduna, inda Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa take. Asibitin ido na ECWA a Kano yana nan tun 1943. A Abuja ma akwai asibitin ido na Gidauniyar Tulsi Chanrai da aka kafa da haɗin gwiwar Aravind ɗin. A fara da likitan ido mafi kusa, a tambaye shi kai tsaye ko gilashin yana mazauninsa, in ya faɗa baya a nemi ya tura mutum wurin mai aikin ratina da takarda a hannu.

Kowane gilashin roba yana zuwa da 'yar takarda mai manne a cikin kwalinsa, ɗauke da sunan kamfani, samfuri da lambar ƙarfinsa. Haƙƙin majinyaci ne a manna masa ɗaya a katinsa. Na farkon Baffa ba a same ta ba, sai da aka sake auna idon daga tushe, kuma ba a san takamaiman irin gilashin da ke ciki ba sai da aka haska. Ta yanzu tana cikin gafakar Alƙur'aninsa, hotonta yana wayata da ta 'ya'yansa uku, ranar komawa auna matsin ido a Legas kuma an rubuta ta da alli a bangon shagon goro.